Sankarar Jini: Jinin Da Ya Ƙi Tsayawa Da Jinin Da Ya Daskare

Ina gaishe ku, mutanen Jega da Aliero da Maiyama, da na ƙauyukan da ke kewaye da su, manoman shinkafa da na albasa, masunta da 'yan kasuwa, da iyayenmu mata da ke cikin gida.

Yau za mu yi magana a kan wata cuta wadda ba ta da yawa kamar zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, amma in ta shiga gida takan yi ɓarna da sauri. Sunanta sankarar jini, waɗansu na ce mata kansar jini, likitoci kuwa lukimiya suke kiranta. Abu guda na ɗauka daga cikin labarinta, watau yadda take ɓata tsayawar jini. Mai wannan cuta yana tsakanin haɗari biyu. Ko jininsa ya ƙi tsayawa inda ya kamata ya tsaya, ko kuwa ya daskare a inda ya kamata ya gudana. Sau da yawa ɗayan biyun nan ne ke kashe majinyaci tun maganin cutar bai fara aiki ba. Abin da zai tsare shi daga wannan kuwa, da yawansa a hannunku yake, ku mutanen gida.

YADDA JINI KE TSAYAWA

Kowa ya taɓa ganin an yanka rago. Jini yakan fito kamar ruwa, amma kafin a gama fiɗa ya yi guda a ƙasa kamar hanta. Haka nan in lauje ya yanke ka a gona, ka danne wurin kaɗan, sai jini ya tsaya. Wannan rahama ce ta Ubangiji, in ba dominta ba da ɗan ƙaramin rauni ya isa ya kashe mutum.

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, a cikin ɓargon ƙashi kuwa ake yin ƙwayoyinsa. In aka shafa jini a gilashi aka duba da madubin likita, sai a ga ƙwayoyi iri uku. A cikin ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, wanda likitoci ke ce wa maikirolita 1, ga abin da mai lafiya ke da shi:

1. Jajayen ƙwayoyi, wajen miliyan 5. Su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta ko'ina cikin jiki.

2. Fararen ƙwayoyi, daga 4,000 zuwa 11,000. Su ne mayaƙan jiki masu kashe ƙwayoyin cuta.

3. Ƙwayoyin toshiya, waɗanda likitoci ke ce wa filatilet, daga 150,000 zuwa 450,000. Su ne ƙanana duka, kwana 7 zuwa 10 suke yi su mutu, ɓargo ya yi sababbi.

Mai ban ruwan albasa zai gane aikinsu da sauri. In gefen hanyar ruwa ya ɓalle, sai ka ɗebo laka ka liƙe, ka ƙara ciyawa ka danne don lakar ta kama. To, ƙwayoyin toshiya su ne lakar. Su ke fara rugawa bakin rauni su manne da juna. Ciyawar kuwa wani zare ne siriri da ke fitowa daga waɗansu sinadarai da hanta ke zubawa cikin jini, shi ke ɗaure su har su zama guda. Amma in laka ta yi yawa ta faɗa tsakiyar hanyar ruwa, sai ta toshe ta, fangalin da ke gaba ya bushe. Saboda haka har wa yau akwai waɗansu sinadarai cikin jini masu hana shi daskarewa inda babu rauni. Lafiya ita ce waɗannan da waɗancan su tsaya daidai wa daida.

MECE CE SANKARAR JINI

Kada ku haɗa ta da sanƙarau, wanda ke sandarar da wuya lokacin zafi. Kada kuma ku haɗa ta da sikila, watau amosanin jini, wanda ake gado daga uwa da uba. Sankarar jini dabam take. Wata ƙwaya ce guda cikin ɓargo ke lalacewa, ta yi ta haihuwar fararen ƙwayoyi marasa amfani ba tsayawa, har su cika ɓargon kamar yadda wuta-wuta ke cinye gonar gero. Daga nan jajayen ƙwayoyi su ragu, mutum ya ɗashe ya riƙa haki. Fararen kirki su ragu, ya yi ta zazzaɓi. Ƙwayoyin toshiya su ragu, ya fara zubar jini.

A 1845 aka bayyana cutar a rubuce. Likitoci biyu ne suka yi, John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin ta ƙasar Jamus, kowa a wurinsa. A 1847 Virchow ya sa mata sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau, ma'anarsa farin jini, don yawan fararen ƙwayoyin da ya gani.

Akwai mai gaggawa, wadda ke kwantar da mutum cikin 'yan makonni, ita ce ta fi kama yara. Akwai mai jinkiri, wadda ke tafiya a hankali wata da watanni, ta kumbura saifa ko ta fito da kaluluwa, ita kuwa ta fi kama manya. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, don haka kada ku guji mai ita. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Mafi yawan masu ita ba wani abu suka yi da ya jawo musu ba. Sai dai an tabbatar da cewa wani sinadari da ke cikin man fetur, mai suna benzin, yana iya haddasa ta ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. Masu sayar da mai a bakin hanya su daina zuƙo shi da baki, makanikai su daina wanke hannu da shi.

HAƊARI NA FARKO: ZUBAR JINI

Muddin ƙwayoyin toshiya sun fi 50,000, mutum yana iya harkarsa ba a ga kome ba. In suka sauko ƙasa da haka, ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. In suka gaza 10,000, jini na iya ɓallewa da kansa ba tare da wani rauni ba, har cikin ciki ko cikin kai. A 1962 waɗansu likitoci a Amurka, cikinsu har da Emil Freireich, suka nuna cewa gwargwadon raguwar waɗannan ƙwayoyi, gwargwadon yawan zubar jinin. A shekarun nan ne aka fara ɗibar ƙwayoyin toshiya daga jinin masu lafiya ana ƙara wa majinyata, mutuwa ta hanyar zubar jini ta ragu ƙwarai.

Ga alamun da za ku lura da su:

1. Dasashi na jini in an yi asuwaki, ko a tashi da safe a ga jini a bakin yaro ko a matashin kansa.

2. Haɓo mai yawan dawowa, ko wanda ya ƙi tsayawa.

3. Tabon kwanciyar jini a jiki, alhali ba a faɗi ba, ba a yi duka ba.

4. Ƙananan ɗigo-ɗigo ja ko baƙi kamar cizon ƙuma, waɗanda ba su ɓacewa in an danna su da yatsa. A baƙar fata suna da wuyar gani, saboda haka ku duba cikin baki, da cikin fatar ido, da ƙwauri, a waje mai haske.

5. Jinin haila da ya wuce kima ko ya wuce kwanakinsa.

6. Jini cikin fitsari, aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.

Wanda ya fi su duka muni shi ne jinin da ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, don ba a ganinsa. Alamarsa ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, da amai, da yawan barci, da rikicewar magana, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Ga yadda abin yakan faru a ƙauye. Yaro ya yi ta zazzaɓi, an ba shi maganin cizon sauro sau biyu sau uku bai warke ba, ya ɗashe, ba ya cin abinci. Sai wata tsohuwa ta ce ai beli ne. A kira wanzami ya cire, aikin da ya yi wa yara da yawa lafiya lau. Amma wannan yaro ba shi da abin toshe rauni, sai jini ya kwana yana zuba cikin maƙogwaronsa yana haɗiyewa. Kafin a samu mota da safe ya galabaita. Da an ɗaga leɓensa an duba dasashinsa tun farko, da an ga alama.

HAƊARI NA BIYU: DASKAREWAR JINI A JIJIYA

Wani zai ce, yaya mutumin da jininsa ke zuba zai kuma samu gudan jini? Abin mamaki ne, amma haka yake. Virchow ɗin nan da na ambata shi ne ya nuna cewa gudan jini na iya ɓallewa daga jijiyar ƙafa ya bi jini ya je ya toshe huhu. Har yau da sunansa ake kiran abubuwa uku masu sa jini daskarewa cikin jijiya: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji ciwo, ko shi kansa jinin ya canza ya zama mai saurin kamawa. Mai sankarar jini yana iya haɗa ukun. Yana kwance kwana da kwanaki, jini ya rage gudu a ƙafafunsa. An sa masa robar ƙarin ruwa mai daɗewa a jijiya, bangonta ya ji ciwo. Su kuma miyagun ƙwayoyin suna zubo abin da ke tayar da daskarewa.

Waɗansu magungunan cutar ma suna ƙara wannan haɗari. Akwai wata allura mai suna asfarajines da ake yi wa yara masu sankarar jini mai gaggawa. Tana da amfani ƙwarai, amma tana rage sinadaran nan masu hana daskarewa. Cikin yara 100 da ake yi wa magani, wajen 5 sukan samu gudan jini, yawanci a farkon jinya. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, dalilin sa ido ne.

Ga alamunsa:

1. Ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo, musamman sharaɓa. Ku gwada da ɗayan, za ku ga bambanci.

2. Numfashi ya sarƙe farat ɗaya, da ciwon ƙirji in an ja numfashi, ko tari da jini. Wannan alama ce gudan ya kai huhu.

3. Ciwon kai da ke ƙaruwa kullum, gani biyu-biyu, karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki.

Akwai kuma wata toshewar dabam. In fararen ƙwayoyi suka haura 100,000, jini yakan yi kauri, su cunkushe ƙananan jijiyoyin huhu da na kai da na ido. Mutum ya riƙa haki, ganinsa ya dushe, kunnensa ya riƙa ƙara, hankalinsa ya rikice. Ga namiji kuwa, gabansa na iya miƙewa da ciwo ya ƙi kwantawa. In haka ta faru kada kunya ta hana shi faɗa, gama in aka wuce awa 4 ba a kai shi asibiti ba yana iya samun lahani na har abada.

A nan ina da magana da mutanen Aliero. Allah ya ba garinku suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo muku masu karaya. To, ku sani yaro mai sankarar jini yakan yi kukan ciwon ƙashi, ya ƙi taka ƙafa, iyaye su zaci targaɗe ne. Babba kuma yakan zo da kumburarriyar ƙafa. Ya kai maɗori, ka tambaya tukuna, ya faɗi ne? Wani abu ya buge shi? In aka ce a'a, ka ga kuma ya ɗashe ko yana zazzaɓi, to wannan ba naka ba ne. Kada ka murza, kada ka ja, kada ka ɗaure da karare. Murza ƙafar da ke da gudan jini na iya ɓalle shi ya tafi huhu, matsa jikin da ba shi da ƙwayoyin toshiya kuwa na sa jini ya kwanta cikin nama. Ka tura shi asibiti, ladanka na nan.

IN BIYUN SUKA HAƊU

Akwai wani irin sankarar jini mai gaggawa da likitoci ke taƙaita sunansa da APL. Wani likitan ƙasar Norwe, Leif Hillestad, shi ya bayyana shi a 1957. Ya fi kama samari da magidanta da mata masu ƙuruciya. Ƙwayoyinsa na tayar da daskarewa ko'ina cikin jiki lokaci guda, ƙananan gudaje su cika jijiyoyi, har ƙwayoyin toshiya da sinadaran yin zare su ƙare kaf. Kamar manomin da ya zubar da lakarsa duka tsakiyar hanyar ruwa ne, sa'an nan gefe ya ɓalle ba shi da abin liƙewa. Sai ka ga mutum yana zubar jini ta hanci da dasashi da inda aka yi masa allura, alhali a ciki jijiyoyinsa na toshewa. In ba magani, kwanaki ko 'yan makonni yake yi.

Da can wannan iri shi ya fi kowane saurin kisa. A 1988 likitocin birnin Shanghai na ƙasar Sin, ƙarƙashin Wang Zhenyi, suka ba da labarin majinyata 24 da suka ba wani magani dangin bitamin A, mai suna ATRA, cutar ta lafa wa 23. A birnin Harbin kuma aka gano cewa wani sinadarin asanik, in an auna shi daidai, yana kashe waɗannan ƙwayoyi. A 2013 likitocin Italiya da Jamus suka nuna cewa in an haɗa biyun, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda cutar ba ta yi wa tsanani ba suna warkewa. Waɗanda ake rasawa, yawancinsu a kwanakin farko ne, ta hanyar zubar jini cikin kai ko huhu, tun magani bai kama ba. Kun ga ke nan kwana ɗaya da aka ɓata a gida yana iya zama shi ne tsakanin rai da mutuwa. Amma ku kula, bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki ba shi ne wannan magani ba, asanik kuwa dafi ne, sai a hannun likita.

BA KOWANE HAƁO BA NE SANKARA

Kada wannan jawabi ya firgita ku. Lokacin hunturu hanci na bushewa, yara da yawa na haɓo, ya tsaya da kansa. Dasashi na jini don dattin haƙori. Saran kububuwa na hana jini daskarewa, maganinsa allurar dafin maciji. Zazzaɓin Lasa da ciwon hanta su ma suna kawo zubar jini. Akwai kuma yara maza da ake haifa da jinin da ba ya tsayawa, akan gane su ranar kaciya. Abin da zai sa ku zargi sankarar jini shi ne alamu su taru: zubar jini ko tabo, tare da ɗashewa, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da ciwon ƙashi, ko kaluluwa, ko saifa. Ko wanne ne daga cikinsu, awon jini ne ke rarrabewa, ido ba ya iyawa.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Ga wanda ake zargi, da wanda aka riga aka tabbatar yana da ita:

1. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya a kan saifa, ban da cire beli, ban da cire haƙori, ban da kaciya, sai likita ya auna jini ya yarda. Ku wanzamai, kafin ku sa aska ku ɗaga leɓe ku duba dasashi, ku ja fatar ido ku duba. In kun ga fari fat ko ɗigon jini, ku mai da aska kube.

2. Ban da asfirin. Ƙwaya ɗaya tana kashe aikin ƙwayoyin toshiya har iyakar ransu, watau mako guda ko fiye. Ban da ibufurofen da diklofenak, da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kasuwa, gama sau da yawa waɗannan na ciki. In ciwo ya dame shi a ba shi farasitamol, a kama hanyar asibiti.

3. Ban da allura a ɗuwawu ko a cinya a kemis. Jini na iya taruwa cikin naman.

4. Ban da deksametason da firednisolon, waɗanda waɗansu ke sha don ƙiba, in ba likita ya rubuta ba. Suna ɓoye cutar na ɗan lokaci, a auna ba a gan ta ba, ta dawo da ƙarfi.

5. Ban da asuwaki mai tauri da sakace da tsinke. A wanke baki da tsumma mai laushi ko buroshi mai taushi, a kurkure da ruwan gishiri.

6. Ban da kokawa da dambe da ƙwallo da hawan itace. In tilas a hau babur, a tafi sannu. In ya bugi kansa, ko bai ji ciwo ba, a kai shi a duba.

7. Kada a sayi maganin tsinka jini a sha don an ga ƙafa ta kumbura. Likita na da allurar hefarin da irinta, amma sai ya ƙirga ƙwayoyin toshiya kafin ya san ko za a yi, da kuma nawa za a yi. Wanda ya yi da ka, yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago.

ABIN DA ZA A YI

In haɓo ya zo, a zaunar da shi, ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, a matse tattausan hancin da yatsa biyu minti 10 cur ba a saki ba, yana numfashi ta baki, yana tofar da jinin. Kada a kwantar da shi rigingine, kada a cusa masa taba ko toka ko ganye. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti. In rauni ne, a danne da tsumma mai tsabta, a ɗaga wurin sama.

Don tsare daskarewa kuwa, majinyaci ya sha ruwa sosai, balle a watannin zafi. In yana iya tashi ya riƙa ɗan zagaya tsakar gida. In ba ya iyawa, ya riƙa motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa yana kwance. Haka kuma in ana doguwar tafiya da shi a mota. Ya kwana cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro shi ma yana rage ƙwayoyin toshiya. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi, ko da dare ne.

Ku fara zuwa ɗakin shan magani mafi kusa. Mu ma'aikatan wurin za mu duba, mu gwada cizon sauro, mu ba ku takarda zuwa babban asibiti, inda za a ƙirga ƙwayoyin jini a kuma duba su da madubi. In aka ga alama za a tura ku Birnin Kebbi, Asibitin Sir Yahaya ko na Gwamnatin Tarayya, ko kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen likitocin jini. Allah ya taimake ku, garuruwan nan uku duk a kan babbar hanya suke, daga Maiyama zuwa Jega, daga Jega ko a yi Birnin Kebbi ko a bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato. Can za a ɗebi ɗan ɓargo kaɗan daga ƙashin ƙugu bayan an kashe zafin wurin. Kada ku ji tsoro, ɓargo na mayar da abin da aka ɗiba. Ku riƙe takardun awo duka a leda guda, ku nuna wa duk ma'aikacin da zai taɓa majinyacin.

Ba zan ɓoye muku ba, jinyar na da tsawo, tana kuma cin kuɗi. Ta yara takan kai shekara 2 ko fiye. Amma tun 1948, da Sidney Farber ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa magani na iya kwantar da cutar ga yara, ake ta samun ci gaba, har a ƙasashen da ke da kayan aiki wajen yara 9 cikin 10 masu irin da ya fi yawa suna warkewa. Dangi su zauna tun farko su raba nauyi, kada a yanke magani a tsakiya don an ga sauƙi.

KU BA DA JINI

Maganin ƙarin jini na kwalba da zoɓo da alayyafo ba su maye gurbin ƙwayoyin toshiya. Daga jikin mutum kaɗai ake samunsu, kuma ba su wuce kwana 5 a ajiye. Inda babu na'urar ware su, sabon jini ake nema. Saboda haka in za ku tafi da majinyaci, ku tafi da maza uku ko huɗu masu lafiya, ku bar waɗansu a gida cikin shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai cika ledar ruwan sha guda ba. Ruwan jinin na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuwa cikin 'yan makonni, namiji na iya sake bayarwa bayan wata 3. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage ƙarfin iyali. Kafin a ƙara wa wani sai an gwada shi don ƙanjamau da ciwon hanta. Masu unguwanni da limamai, ku taimake mu da faɗa wa jama'a wannan.

To, jama'a, ku riƙe abu uku. Jinin da ya ƙi tsayawa tare da ɗashewa da zazzaɓi, a kai asibiti a ranar. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ba faɗuwa, kada a murza, a kai asibiti. Aska da ƙaho da asfirin kuwa su yi nesa da mai wannan cuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya, amin. Sai wani mako in Allah ya kai mu.